Gashin haɓa da zubewar gashin kai: yadda na bi har aka ɗora ni a kan spironolactone

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tunda na fara faɗa wa ƙawayena cewa magani nake sha saboda gashin haɓa, duk wadda ta ji tambaya ɗaya take jefo min, meye sunansa, a wane kemis ake samu? To sunan ba abin ɓoyo bane, ga shi ma a sama, amma dan Allah ki daure ki karanta har ƙasa kafin ki aiki yaro kemis, domin samun ƙwayar shi ne mafi sauƙi a duk lamarin nan, sharuɗɗan da suke biye da ita su ne aikin.

Ni dai tun ina budurwa abin ya faro min, 'yan sili-sili a haɓa da gefen fuska da nake tsigewa da hantsaki, al'adata kuma dama bata taɓa zuwa daidai ba, sai ta yi wata biyu ko uku bata leƙo ba. Bayan na haihu sai komai ya ƙaru lokaci guda, jiki ya yi nauyi, wuyana ya yi baƙi kamar bana cuɗawa, gashin nan ya yi kauri ya yi baƙi ƙirin ya gangaro wuya da tsakiyar ƙirji da layin cibiya zuwa mara, shi kuma na kai wanda shi nake so sai raguwa yake. Mai kitsona ce ta fara lura, tana tsaga min kai ta tsaya tace maman yaro kin ga tsagar tsakiyar nan kuwa, ta fi da faɗi fa, fatar kai har ƙyalli take. Daga ranar ko a cikin ɗakina bana cire ɗankwali, fita kuwa hijabi sai na ja shi ya rufe haɓa ko da garin ana zuba zafi.

Kowa da abin da yake cewa. Gwaggona tace ai mace mai gemu arziki ne da ita in bar abina, wata tace sanyi ne tunda mu komai sanyi ne, wata kuma ta ja ni gefe tace in tashi tsaye da addu'a don wannan ba haka kawai bane. An kawo min hulba, an kawo man darbejiya da na habbatussauda, na je wajen masu gyaran jiki an yi min halawa, kuma gaskiya halawa tana cirewa tas, fata ta yi sumul na ɗan lokaci, sai dai in zai fito wani yana murɗewa a ƙarƙashin fata ya zama ƙurji, ƙurjin in ya warke ya bar baƙin tabo, a ƙarshe tabon ya fi gashin damuna.

Abin da ya kai ni asibiti ma al'adar ce, ta ɗauke ta daɗe kuma gwaji ya nuna ba ciki. A sashen mata na asibitin koyarwa aka haɗa ni da wata likita mace, Allah ya saka mata da alheri, ina cikin bayanin al'ada ta kalli haɓata tace Hajiya wannan tabon na cire gashi ne ko? Wallahi sai da hawaye ya zubo min, don ba wanda ya taɓa yi min maganar a matsayin ciwo. Ta yi tambayoyi da yawa, yaushe ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, muryata ta canza, akwai masu irinsa a dangi, akwai mai ciwon suga a gidanmu, wane mai nake shafawa. Wannan ta mai ɗin ta nanata ta sosai, tace da yawa daga cikin mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwa akwai wani sinadarin magani da ake kira sitiroyid a ciki, kuma shi kaɗai yana iya fito wa mace da gashi a fuska. Na zuwa farat ɗaya kuma tace shi ne wanda suke tsoro, in gashi ya taso cikin 'yan watanni ga murya na yin kauri to ana zargin ƙari ne a ma'ajiyar ƙwai ko a wata 'yar halitta da ke saman ƙoda, wannan ba a jira da shi.

Sai tace in koma gida kar in tsige kar in aske na wasu makonni sannan in dawo, tana so ta gan shi yadda yake. Wannan zaman ya yi min wuya ƙwarai, ko biki ban je ba. Da na koma ta duba wurare 9 a jikina, saman leɓe, haɓa, ƙirji, saman ciki, mara, damtse, cinya, saman baya da ƙasan baya, kowanne tana ba shi maki daga 0 zuwa 4 tana rubutawa a fayil, tace da wannan makin za mu riƙa auna ko magani yana aiki, don ido da madubi ba sa faɗa wa mai damuwa gaskiya. Aka rubuta min gwaje-gwajen jini, na testosteron wato sinadarin maza, na maƙoƙo, na sinadarin da ke kawo ruwan nono, na suga, na ƙoda da gishirin jiki, da na ƙarfen jini saboda zubewar gashin kai, sannan sikanin na mara. Kuɗi dai sun tafi, ba zan ɓoye ba, sai da muka raba su gida biyu.

Sakamako ya nuna PCOS ne, wato ciwon rikicewar sinadaran jikin mace da ake kira homon. Yadda ta yi min bayani, abubuwa 3 ake dubawa, al'ada mara tsari, alamar yawan homon ɗin maza a jiki ko a jini, da ƙananan ƙullutu masu yawa a ma'ajiyar ƙwai a sikanin, in mace tana da 2 cikin 3 kuma an kore sauran cututtuka to shi ne. Ni duka ukun nake da su. Tace kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da shi kuma mafi yawa basu sani ba. Abin da ya ɗaure min kai na tambaye ta shi ne, likita ya za a yi abu ɗaya ya sa gashi ya fito a haɓa kuma ya sa ya zube a kai? Tace kowace mace tana da homon ɗin da ake kira androjin, kaɗan ne dai ba kamar na maza ba, in ya yi yawa ko kuma tushen gashin mutum ya cika jin sa, a fuska da ƙirji sai ya mayar da siririn gashin da ba a gani ya zama mai kauri, a tsakiyar kai kuma sai ya riƙa tsuke tushen gashi, kowane sabon fitowa ya fi na baya siranta da gajarta har fata ta bayyana.

Ban samu spironolactone ɗin ranar ba. Da ƙwayar tsarin iyali aka fara, irin wadda ake sha kullum mai homon biyu, bayan ta auna jinina ta tambaye ni ko ina ciwon kai na ɓari ɗaya, ko jini ya taɓa daskare min a ƙafa, ko ina shayarwa. Tace a ba ta wata 6. Al'ada ta daidaita, ƙurajen fuska suka lafa, amma gashin kaɗan ya ragu, makin da ta sake bayarwa bai yi wani nisa da na farko ba. A nan ne ta kawo maganar ƙara spironolactone, wasu sun fi sanin sa da Aldactone. Tsohon magani ne tun wajen 1960, na hawan jini da ciwon zuciya da kumburin jiki, yana sa fitsari, daga baya aka gano yana tare androjin. Misalin da ta ba ni shi ne kamar ki sa sakata a ƙofa ne, baƙon yana nan a waje bai tafi ba amma ba zai shigo ba, ranar da kika zare sakatar kuma zai shigo. Wato ba warkewa ake yi ba, riƙewa ake yi.

Sai ta ajiye biro ta dube ni tace Hajiya kafin in rubuta, kina da niyyar ɗaukar ciki nan kusa? Nace to likita haihuwa ai ta Allah ce. Tace haka ne, amma wannan maganin ba a shan sa da ciki ko kaɗan, domin in cikin na namiji ne, androjin ɗin da muke tarewa shi ne yake gina masa al'aurarsa a watannin farko, in aka tare shi ana iya haifar yaro da al'aurar da bata cika ba. Tace ba zan rubuta miki ba sai kin tabbatar min za ki tsaya a kan tsarin iyali ba wasa, ba na yau a sha gobe a manta ba, kuma ki je ku yi magana da maigida, in ya yarda ku zo tare.

Nan ne fa abin ya yi min nauyi, ya fi duk gwajin jini da layin asibiti. Yarona ya riga ya yi wayo, surukata Hajiya duk zuwan da za mu yi gaisuwa sai tace yaushe za a yi wa maigidan nawa ƙani ne, ba da mugun nufi ba, mace ce mai kirki, amma kin san yadda maganar take sauka a zuciya, ga facaloli ana ta suna. Ƙwayar wata 6 ɗin farko ma a matsayin maganin gyaran al'ada maigida ya karɓe ta, yanzu kuma in ce masa a ƙara shekara ko fiye saboda gashi? Na yi kwanaki ina juya yadda zan fara. Daren da na faɗa masa sai na ɗauko fitilar waya na cire ɗankwali nace Abban yaro duba tsakiyar kaina, ya duba ya yi shiru, don shi bai taɓa sanin ya kai haka ba, kullum a rufe yake gani. Nace masa wannan ne ya sa bana zuwa taro, wannan ne ya sa nake daɗewa a banɗaki da safe. Yace to mu je in ji daga bakin likitar. Da muka je ya yi tambayar da na san ita ce a ransa, shin maganin zai hana ta haihuwa gaba ɗaya? Tace a'a, in an daina yana fita daga jiki, PCOS ɗin kansa shi ne yake jinkirta ciki, shi ma akwai maganin da ake bayarwa na sa ƙwai ya fito in lokaci ya yi. Muka yi shawara za mu ba shi kamar shekara ɗaya da rabi, Hajiya kuma shi ya je da kansa ya faɗa mata ina kan magani ne likita tace a dakata, bai shiga bayani ba, tace Allah ya ba da lafiya, daga nan ta rage tambaya. Ina faɗin wannan dalla-dalla ne saboda na san akwai wadda za ta saya ta riƙa sha a ɓoye ba tare da wani tsari ba, ita kuma mai PCOS al'adarta dama bata da lissafi, sai ciki ya yi wata biyu uku bata sani ba tana ta haɗiyar ƙwaya, lokacin da ake gudun kuwa shi ne daidai wannan.

An fara min da miligiram 50 a rana, tare da abinci. Makonnin farko fitsari ne ba ƙaƙƙautawa, alwala bata daɗewa, in na yi ta azahar ba maganar ta kai ni la'asar. Sai jiri, musamman in na ɗago daga sujada zan miƙe, sai in ga duhu-duhu na ɗan lokaci, dole na koyi tashi a hankali ina dafa gwiwa. Nonuwa suka yi ɗan tsami, wani lokaci ga kasala. Da na faɗa mata ta auna jinina tace ya ɗan sauka amma ba matsala, in ƙara shan ruwa, in riƙa sha da safe don kar fitsari ya hana ni barci. A hankali jiki ya saba. Bayan wasu makonni aka sake gwajin ƙoda da fotasiyam, wato wani gishirin jiki da ke cikin jini, shi wannan maganin ba kamar sauran masu sa fitsari bane, riƙe fotasiyam yake a jiki, in kuma ya yi yawa yana taɓa bugun zuciya. Nawa ya fito daidai sai aka ƙara zuwa 100, a nan na tsaya, wasu ana kai su har 200. Na tambaye ta ko in daina cin ayaba da dabino tunda na ji ance suna da fotasiyam, tace ga mai ƙoda lafiya ci na hankali ba komai, abin da bata yarda da shi ba shi ne ƙwayoyin ƙarin fotasiyam, da gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini a madadin na girki, da yawan shan ibuprofen ko diclofenac, in ciwon kai ne ko na mara in sha farasitamol. Ta ja min kunne sosai a kan haɗin da ake ƙullawa a kemis na ciwon jiki wanda baki san me ke ciki ba. Ta kuma ce duk likitan da zai rubuta min magani, musamman na hawan jini irin su lisinopril, in faɗa masa ina kan wannan, in kuma amai da gudawa suka kama ni in dakata da sha har sai na warware.

Azumi ya zo min a tsakiyar zafi, na je na tambaya kafin a ga wata. Ta mayar min da shi bayan buɗa baki, ba da sahur ba, don kar in wuni ina zubar da ruwan jiki, tace in sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, in na ji jiri mai tsanani kar in yi taurin kai. Alhamdulillah na kai azumina, sai dai tarawihi a gida na riƙa yi saboda alwala.

Sai jira. Wata na farko ba komai, na biyu ba komai, maiƙon fuska ne kawai ya ragu, na uku har na fara cewa kuɗina nake zubarwa, ga magani kullum ƙara tsada yake tun da naira ta faɗi. Likitar dama ta gaya min kar in sa rai kafin wata 6, saboda gashin da ya riga ya fito sai ya gama zamaninsa ya faɗi, sabon da zai maye gurbinsa shi ne zai zo da laushi. Ta sa ni ɗaukar hoton haɓa da tsakiyar kai duk farkon wata, wuri ɗaya, bakin taga, haske ɗaya. Hotunan nan su suka riƙe ni. Alamar farko da na gani da kaina ita ce tazarar cirewa, da kusan kullum sai na bi haɓa, sai na ga ina kwana da yawa ban taɓa ba, in na shafa kuma ba ya sukar hannu kamar da. Na ƙirji da na mara su suka fi saurin yin laushi, na haɓa ya fi taurin kai, har yau akwai wasu tsiraru masu kauri da basu tafi ba.

Maganin ba ya cire wanda yake nan, dole ki ci gaba da cirewa. Likitar ce ta raba ni da hantsaki, tace tsigewa ce take jawo min ƙurji da tabo, in riƙa datsewa da ƙaramin almakashi ko in aske da reza mai tsabta. Nace ai ance aski yana ƙara masa kauri, tace ba gaskiya bane, bakin gashin ne da aka yanke yake zama da kaifi sai a ji kamar ya yi kauri, tushen yana can ƙasa reza bata kai gare shi. Maganar cire gashi da na'urar leza ma mun yi, tace tana aiki amma ga baƙar fata sai an samu irin na'urar da ta dace, Nd:YAG ake ce mata, in aka yi da wadda bata dace ba tana ƙona fata ta bar tabo, kuma sai an yi zama da yawa. Ban yi ba tukuna, kuɗin ya fi ƙarfina.

Na kai ya fi jinkiri. Gwaji ya nuna ƙarfen jinina ya yi ƙasa aka ba ni maganin ƙarin jini, sannan aka haɗa min da minoxidil, maganin fito da gashi na shafawa. A makonnin farko gashi ya ƙara zuba, matajina ya riƙa cika, da ba a gargaɗe ni ba da na watsar, ashe tsoffin ne suke faɗi don sababbi su fito. Ana shafa shi a fatar kai ne ba a gashi ba, ki wanke hannu nan take, kar ya gangaro goshi ko kumatu don duk inda ya taɓa yana iya fito da gashi. Ta kuma nuna min cewa zubewar tawa iri biyu ce, ta tsakiya ta homon ce, amma ta gaban goshi da saman kunne ta kitso ce mai ɗaurewa da ƙananan kalaba da rilaksa, wannan spironolactone ba ruwansa da ita. Na daina rilaksa, kitso kuma manya sakwa-sakwa, in mai kitso ta ja nace Anti sassauta. Bayan kusan shekara zubewar ta tsaya, tsagar ta ɗan haɗe, ƙananan gashi sun fito, bai koma kamar na 'yan matanci ba amma ina iya zama a cikin mata kai a buɗe a yi min kitso.

Wata ƙawata Diane-35 aka ba ta, shi ma akwai mai tare androjin a ciki, cyproterone miligiram 2, ya karɓe ta, amma yana da haɗarin daskarewar jini shi ya sa ba kowa ake ba wa ba, ƙwayoyin cyproterone masu yawan miligiram kuma daga 10 zuwa sama hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da su a 2020 saboda wani ƙari da ke fitowa a rufin ƙwaƙwalwa. Ƙanin maigidana kuma da sanƙo ya fara kama shi ya aiko a tambaye ni sunan maganin nawa, nace a gaya masa kar ya kuskura, namiji in ya sha nono yana iya fito masa kuma ya taɓa masa ƙarfinsa, su nasu daban ne, finasteride, shi ma sai ya ga likita, kuma mace mai ciki ko fasasshiyar ƙwayarsa ba a so ta taɓa.

Yanzu lokacin da muka ɗiba ya kusa cika kuma muna son ƙarin haihuwa. A zuwana na ƙarshe mun tsara yadda za a sauka, spironolactone zan fara ajiyewa in ci gaba da ƙwayar tsarin iyali na ɗan lokaci har ya fita daga jikina, minoxidil ma zan ajiye, ta rubuta min folic acid in fara tun yanzu, in al'ada ta ƙi daidaita bayan na daina komai sai a duba maganin fitar da ƙwai. Ta faɗa min ƙarara gashin zai riƙa dawowa a hankali cikin watanni, na kai ma zai iya komawa zuba, na ji ba daɗi amma na yarda. Tafiyar da nake yi da yamma da rage lemon kwalba da shayi mai suga tace in riƙe su da kyau don su ne za su rage min a wannan tsakanin. In Allah ya kawo rabo na haihu na yaye, zan koma a sake gwajin ƙoda da fotasiyam a fara min daga 50 kamar farko.